Yadda Na Zama Sarkin Ruwa

Fa'iza da Aminu, tun kuna ƙanana kuke jin Baba Hamidu yana kirana Sarkin Ruwa, kuma na san abin da kuka ɗauka. Aminu har ya taɓa rubutawa a aikin makaranta cewa ubansa basarake ne a Najeriya, malamarsa ta aiko mini da gaisuwa ta musamman. Na karɓi gaisuwar, ban gyara ba. Yau zan gyara. Da gangan nake rubutawa da Hausa, don ku zauna gaban mahaifiyarku ta karanta muku, ita ma ta sami damar ƙara abin da na rage, domin na san sai ta ƙara.

Ni ɗan Bichi ne, karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, daga nan aka kai ni Kano koyon kafinta. Ruwan da na sani a duniya shi ne na Watari: ya cika da damina, ya janye da rani, sau ɗaya a shekara, kowa ya san lokacinsa. Da bizar lotari ta faɗo a kaina muka zo Hyattsville, sai na kama tuƙin tasi a Washington, ranakun Asabar da Lahadi kuma ina gyaran ƙofofi da kabad a gidajen mutane. Hannuna yana da kyau a katako, wannan ba yabon kai ba ne. Bakina ne ba shi da kyau, domin a lokacin ban iya cewa "ban sani ba" ko da Hausa, balle da Turanci.

Shekarar da Fa'iza ta shiga aji ɗaya aka yi wata babbar guguwa da kaka, ta taso daga teku ta bi gaɓar Chesapeake tana ɓarna. Mahaifiyarku tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana jinyar wata tsohuwa wadda ƙanwarta, Madam Doris, ke zuwa dubawa duk mako. Madam Doris ita ce shugabar kwamitin wata 'yar unguwa ta bakin ruwa, tafiyar awa guda daga gidanmu. Gidajensu a kan tudu suke, tudun ya yanke tsaye kamar bango, sai an bi wata doguwar matakala ta katako kafin a sauka kan yashi. Guguwar ta ɗauke rabin matakalar na ƙasa. Duk lokacin sanyi mutanen unguwar sai dai su tsaya a sama su leƙa ruwansu. Manyan 'yan kwangila sun yi musu yawa da aiki, takardar izini kuma tana hannun kwamiti, kafinta kawai suke nema. Mahaifiyarku ta ce mijinta kafinta ne.

Na je dubawa wata safiya da sanyi ya fara sauki. Na leƙa daga sama, na ga yashi fili fetal, ruwa can nesa yana kwance lafiya lau. Madam Doris gajeriyar mace ce mai farin gashi, ta yi shekaru tana koyar da lissafi, kuma kallonta ma na malamar lissafi ne. Ta tambaye ni:

"Mista Lawal, ka taɓa yin aiki a bakin teku?"

Na ce, "Madam, shekara uku na yi a Legas."

Kwana huɗu na taɓa yi a Legas. Uku a layin biza, ɗaya a filin jirgi. Tekun ma ta tagar bas na hango ta.

Ta ba ni takardu a cikin ambulan, har da wata mai layi-layi cike da lambobi, kamar jadawalin lokutan salla da ake rabawa a masallaci. Na duba, ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Na juya bayanta na rubuta awon katako, na cusa a aljihu.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai na nemi Malam Hamidu. Ku kun san shi da furfura da mota mai tsani a sama. A lokacin wankin mota yake yi a Langley Park, bai daɗe da zuwa ba, Turancinsa bai wuce gaisuwa ba, sai Faransanci da Hausar Maraɗi. A masallaci muka saba. Ya girme ni da shekara goma, kuma na san ya daɗe a Kwatano, a tashar jiragen ruwa, amma ban taɓa tambayarsa me ya yi a can ba. A raina na ce ɗan Nijar ne, yashi ya sani, zai yi mini haƙa. Ya ajiye aikin wankin motar ya biyo ni, bisa alkawarin mako shida.

Ranar farko muka isa da sassafe. Wani maƙwabci ya ba mu hanya ta gangarensa, muka riƙa sauke katako da buhunan siminti da baro har muka tara su a kan yashi. Ni ina ta awo, Malam Hamidu kuwa ya tsaya ya goya hannu a baya yana kallon ƙasa. Can ya kira ni gindin tudun, ya nuna mini wani dogon layi na ciyawar ruwa da ɓawon kaguwa da ƙirare.

Ya ce, "Lawal, nan ruwa ke kwana."

Na ce, "Malam, wannan ai sharar guguwar bara ce."

Ya tsuguna ya ɗauko ciyawar ya matse, ruwa ya ɗigo. "Sharar bara ce ke zubar da ruwa haka?"

Na ce, "Raɓa ce."

Ya dube ni, ya dubi agogonsa, wanda yake kira montur. "Ina hwaɗa maka, kahin la'asar ruwan ga zai zo nan. Sau biyu yake zuwa kullum. Mu kwashe kayan ga mu kai sama."

Na yi dariya, Allah ya yafe mini. Na ce, "Malam Hamidu, ruwa ne ko ɗan haya, da zai riƙa fita yana dawowa sau biyu a rana? Damina ma ba ta faɗi ba. Ɗauki shebur."

Ya ɗauka. Muka haƙa ramuka huɗu, muka kafa ginshiƙai, muka kwaɓa kankare muka zuba. Da hantsi na lura ruwan ya ɗan matso, na ce iska ce ke kaɗa shi. Sau biyu Malam Hamidu ya sake magana, a na biyun na ce masa ni ne mai kwangila. Daga nan bai ƙara ba. Abin da kawai ya yi, da za mu hau sallar azahar ya saɓi akwatin kayan aikina da injin zarto ya hau da su, ina ce masa wahalar banza yake yi. Muka yi salla a gefen mota, muka ci abinci, na ja shi muka tafi kanti sayen ƙusoshi, na tsaya ina ciniki a inda ba a ciniki.

Da muka dawo, tun daga nesa na ga mutane sun yi layi a bakin tudun, wasu da kofin kofi, wasu da kyamara. Na ɗauka aikina suke yabawa, har na gyara hula. Da na leƙa, babu yashi. Ruwa ne har gindin tudu. Ginshiƙaina huɗu, biyu sun kwanta, biyu sun karkace suna gaisawa. Buhunan siminti sun nutse. Katakona sabo ful ya bazu a kan ruwa yana tafiya a hankali, wasu tsofaffi biyu a ƙananan kwale-kwale suna binsa suna tarowa kamar masu kiwo, wani kare kuma yana iyo da guntun katako a baki, shi kaɗai ne ke murna a wurin.

Madam Doris ta tako ta tsaya a gabana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wa ya ce a zuba kankare a wannan lokaci? Wa ya bar kaya a ƙasa?"

'Ya'yana, ga abin da na zauna rubutawa. Na ɗaga hannuna na dama na nuna Malam Hamidu. Na ce da Turanci, mataimakina ne, daga hamada ya fito, bai san teku ba, na ba shi umarni bai bi ba. Yana tsaye kusa da ni, akwatin kayana a gefen ƙafarsa, wanda shi ya cece shi. Da ya ga ana kallonsa, sai ya ɗan rusuna ya yi wa matar murmushi.

Ta ce, "To. Za mu sake ba ka dama, saboda matarka. Amma kada ka sake kawo mana shi."

Awa guda muka yi a mota muna komawa. Da na sauke shi ya ce, "Gobe ƙarhe nawa?" Na ce zan kira shi.

A gida na tarar mahaifiyarku tana tuƙa tuwo, Fa'iza tana zane a ƙasa, Aminu yana goye. Na ba ta labari yadda na ba Madam Doris, har na ƙara gishiri. Ta saurara ba ta daina tuƙi ba. Da na gama ta ce:

"Baban Fa'iza, Malam Hamidu shekara nawa ya yi a Kwatano?"

Na ce, "Oho. Goma sha wani abu."

"Shi ne bai san teku ba. Kai da ka ce mini ko a kududdufin Bichi ba ka taɓa wuce gwiwa ba, kai ka sani."

Na ce mata aikin maza ne, ba za ta gane ba. Ta ajiye muciya, ta ɗauko wandon aikina da za ta jiƙa, ta lalube aljihu ta zaro takardar nan mai lambobi, ta ninku, ga awona a bayanta, ga man ƙosai.

"Wannan fa?"

"Takardar kwamiti ce."

"Lokutan ruwa ne, Baban Fa'iza. Wannan layin lokacin da zai kawo, wannan lokacin da zai janye. Tsohuwar da nake jinya shekara biyar rabonta da ganin ruwan nan, amma kullum sai na karanta mata wannan a jarida kafin ta sha shayi. Ga na yau nan, ƙarfe biyu da rabi. A aljihunka yake tun safe."

Fa'iza, ke ba za ki tuna ba, amma a nan kika ɗago kai kika tambaya da Turanci ko Daddy ya yi laifi ne. Mahaifiyarki ta ce, "Daddy yana tunani ne."

Kwana biyu ina tunanin. Na fita tasi, na ɗauki fasinja na wuce da shi inda zai sauka. Waya ta yi ƙara, na ga Malam Hamidu ne, na ƙi ɗauka. Na san ya bar aikinsa saboda ni, na san kuma in na yi shiru, zan nemi wani mataimaki, in karanta takardar, in gama matakalar, babu wanda zai sani. Shaiɗan ya tsara mini abin tsaf, har da wanda zan ɗauka. A rana ta uku da safe mahaifiyarku ta ajiye kular abinci biyu a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ɗaya taka, ɗaya ta Malam Hamidu. Ni na kai sunanka wurin matar nan, ban kai don a ɓata na wani ba. In tasa ta dawo mini a cike, kai ma ka nemi inda za ka riƙa ci."

Na same shi a ƙofar gidan da yake haya, yana zaune a kan matakala yana shan shayi. Na gaishe shi, ya amsa lafiya lau. Na miƙa kula, ya karɓa ya ce a gode wa Hajiya. Na fara kame-kame, ina cewa akwai wata magana da aka yi rannan da Turanci wadda bai ji ba.

Ya ce, "Turancin ne ban ji ba, mushe Lawal. Yatsa kuwa, ko a Kwatano haka ake nuna shi."

Mushe. Bai taɓa kirana haka ba. Kalmar girmamawa ce a wurinsu, irin wadda ake yi wa baƙo ko ma'aikacin ofis. Na ji ta kamar mari.

Na ce, "Malam, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Ya ce, "Inda ka hwaɗi waccan, can za ka hwaɗi wannan."

Kwamitin yana zama ranar Asabar da safe a wani ƙaramin zaure kusa da tudun, kujerun ƙarfe, tukunyar kofi, da kwalin fanken nan nasu mai huji a tsakiya. Mutum kusan ashirin. Da Madam Doris ta ga na shigo da Malam Hamidu ta cire tabarau. Na tsaya gabansu na faɗi komai: shi ya gargaɗe ni sau uku, ni na ƙi ji, takardar tana aljihuna ban san mece ce ba, kuma ƙarya na yi masa don na san ba zai iya kare kansa ba. Zan zauna ke nan Malam Hamidu ya taɓa hannuna.

"Saura da Hausa. Ni ban ji ba."

Haka na sake tsayawa, gaban Turawa ashirin da ba su san ko "sannu" ba, na maimaita laifina daga farko da harshen uwata. Wallahi na Turancin wasa ne. Da Hausa kowace kalma sai da ta yi nauyinta, ƙarya ta fito ƙarya, zalunci ya fito zalunci. Yana gyaɗa kai, da na tsallake maganar ɗan haya ya ce, "Ka manta guda." Na koma na faɗa.

Wani tsoho mai kamun kaguwa, ɗaya daga cikin waɗanda suka taro mini katako, ya ɗaga hannu daga baya. "To shekara ukun Legas fa?"

Na ce, "Kwana huɗu ne, yallaɓai. Uku a layi."

Ya fashe da dariya har da tari, sauran suka bi shi. Madam Doris ba ta yi ba. Ta taso ta zo gaban Malam Hamidu ta ba shi haƙuri, ta ce in fassara, na fassara. Sannan ta miƙa masa alli ta nuna allon bango, ta ce ya nuna musu yadda shi zai yi. Ashe shekara goma sha biyu ya yi yana gyaran gadojin katako na masunta a Kwatano. Ya zana tudun, ya ja layin ruwa, ya mayar da dandamalin ƙasa baya. Ya ce ba kankare a yashi, ginshiƙai za a nutsar can ƙasa da famfon ruwa. Ya ce ƙusar da na saya gishiri zai cinye ta, a nemo wadda ba ta tsatsa. Takun ƙarshe guda shida kuma a yi su yadda za a iya ɗage su da igiya in an ji guguwa na tafe. Ina tsaye gefensa ina fassarawa. A ƙarshe ya nuna ni da alli ya ce:

"Hwaɗa musu, mutumin ga ya iya katako ƙwarai. Amma kada a bar shi shi kaɗai da ruwa."

Na faɗa musu, kalma da kalma. A nan ne Madam Doris ta yi dariya. Kwamiti ya yanke hukunci nan take: aikin na Malam Hamidu ne, ni mataimakinsa ne kuma tafintansa. Na shiga zauren ina mai kwangila, na fito ina ɗauke da jakar wani.

Mako bakwai muka yi. A gaban motata na manna takardu biyu gefe da gefe, lokutan salla da lokutan ruwa, kuma duka biyun babu wanda ke jiran mutum. In ruwa ya janye mu sauka da gudu mu yi na ƙasa, in ya kawo mu hau mu yi yanka da fiƙa a sama. Na ga yadda yake kafa sanda a yashi ya ɗaura mata tsumma, yadda yake duban iska ya ce yau ruwan zai wuce abin da takarda ta faɗa, kuma ya wuce. Tsohon mai kaguwa ya zama abokinsa, suna hira da hannu da zane a yashi, ba sa ma nemana. Matan unguwar suna aiko mana da kek, mahaifiyarku tana mayar musu da dambun nama, har wata ta tambaya ko auduga ce aka soya. Kowa yana raha da kowa. Amma ni, duk tsawon makonnin nan, mushe Lawal nake. "Mushe Lawal, miƙo guduma." "Na gode, mushe Lawal." Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma taɓa yi mini wasa ba. Na gane ya karɓi tubana, amma bai dawo da ni inda nake ba, kuma ba ni da bakin tambaya.

Ranar da aka buɗe matakalar an yi taro a kan yashi, kun je, akwai hoton a falo. Ku duba shi da kyau: mai fensir a kunne shi ne Baba Hamidu, ni ne mai riƙe da ƙarshen tef ɗin awo. Aka shimfiɗa tabarmi da tebura, aka kunna gasa nama, yara suna hawa suna sauka suna ƙirga taku. Ana tsakiyar ci sai na ji iska ta juya, tana busowa daga kudu. Na dubi sandar Malam Hamidu, na ga ruwa ya taɓa tsumman tun lokaci bai yi ba. Na miƙe na ɗaga murya, da Turanci da Hausa har da hannu, na ce a kwashe tebura a hau sama, yanzu. Madam Doris ta duba takardarta ta ce saura awa guda da rabi. Na ce, "Madam, yau takarda ta makara." Aka kwashe ana gunaguni. Ba a yi rabin awa ba ruwa ya shafe inda muka zauna, ya tafi da takalmin Fa'iza ƙafa ɗaya.

Muna tsaye a kan sabon dandamali, ruwa yana bugun ginshiƙai a ƙarƙashinmu ba su ko motsa ba, sai na ji an daki kafaɗata da ƙarfi har hulata ta karkace. Malam Hamidu ne, yana dariya har haƙoransa na ƙarshe a waje.

"Kai, Lawal! Ɗan banzan Bichi! Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa!"

Mahaifiyarku ta ce na yi kuka. Ni dai na san iskar tana ɗauke da gishiri.

Daga baya ya sami lasisi ya buɗe kamfaninsa, na bar tasi na bi shi, shekara goma sha ɗaya ina aiki a ƙarƙashinsa, ban taɓa jin na ƙasƙanta ba. Sarautar ke nan, Aminu. Babu rawani, babu gari. Tsiya ce ake yi wa ubanku, kuma ita ce abu mafi daraja da na samu a ƙasar nan bayan ku. Jiya ma ya kira ni daga Maraɗi, inda ya koma hutawa, inda babu ko kwale-kwale. Ko sallama bai gama ba ya ce:

"Sarkin Ruwa, ya kawo ko ya janye?"

Na ce, "Malam, ban sani ba. Bari in duba."